Armelle Mai Kifi da Shekara ta Uku

Armelle Kerbrat ta gaji teburin kifi a kasuwar Douarnenez daga mahaifiyarta, kuma ba ta taɓa yin wata sana'a ba. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta kullum jajaye saboda ƙanƙara. Mijinta Fañch gyaran injin jiragen kamun kifi yake yi, magana ba ta dame shi ba. 'Yarsu ɗaya, Gwenola.

Da yarinyar ta gama sakandare, malamanta suka ce ta shiga ajin share fage, inda ake shekara biyu ana shirin jarrabawar shiga manyan makarantun kasuwanci. Ta tafi Rennes. Daga ranar Armelle ta fara sayar da kifi haɗe da labari. Duk wanda ya tsaya a teburinta sai ya ji cewa 'yarta za ta babbar makarantar nan ta kusa da Paris, wadda ke fitar da shugabannin kamfanoni.

"Uwar manaja, a auna min kilo ɗaya," in ji Yvon mai cuku, maƙwabcin teburinta. "Ko sai na nemi izini a rubuce?"

"Kai dai zauna cikin warin cukunka. Ran da ta zama shugaba, ko gadi ba za ta ba ka ba."

Shekara biyun nan sun ci Gwenola. Ga lissafi, ga tarihin tattalin arziki, ga harsuna, ga tsayuwa gaban malami kowane mako yana jefo mata tambaya. In ta zo hutu, sai ta ajiye littafi kusa da faranti, ta tsakuri abinci ta tashi. Ta rame har sai da Fañch ya ƙara huda mata bel ɗinta.

Aka yi jarrabawar rubutu. Makarantar Paris ba ta kira ta ganawa ba, amma wasu sun kira. Ta sa kwat ta bi su ɗaya bayan ɗaya a jirgin ƙasa. Bayan ganawar kowa zai jera makarantun da yake so, a ba shi wadda makinsa ya kai. Wanda ransa bai kwanta ba yana iya ƙin duka, ya koma aji ya yi shekara ta uku, ya sake gwadawa.

Armelle ta riga ta yanke. "Ki gama zagayen don ki saba, amma ki maimaita. 'Yar likita Morvan ta maimaita, ga ta can yanzu."

"To, Mama," in ji Gwenola. Abin da ta ce ke nan.

Ganawarta ta ƙarshe a wata makaranta ce a Lille. Ranar Asabar ta dawo, ba ta bi ta gida ba, ta zo kasuwa da jakarta. Tun daga nesa take magana.

"Mama, kin san abin da suka tambaye ni? Wai yaya ake sa wa kaya farashi in zai lalace kafin azahar. Ni! Na yi ta zuba har wata tsohuwa a cikinsu ta ce, 'Ya isa, 'yar nan, kin sa ni jin yunwa.'"

Ta ba da labarin ɗaliban can da suka tarbe ta a tasha, suka karɓe mata jaka, suna waƙa kamar mahaukata. Tana magana ta sayi fanken baƙar alkama da ƙwai a teburin gaba, ta cinye a tsaye, ta koma ta ƙaro. Mai ya ɗiga a kwat ɗin, ta yi dariya.

Armelle tana fere kifi. Rabonta da ganin 'yarta tana ci tana dariya haka shekara biyu ke nan. Wuƙar ta tsaya a hannunta, har mai saye ya yi gyaran murya.

Ya rage kwana ɗaya a rufe zaɓin makarantu. Ita da Gwenola suna wanke akwatunan kifi a bayan gida da la'asar, Armelle ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Shekara ta ukun nan, ba ni zan zauna a ajin ba. Ke kina so?"

Ruwa ya yi ta zuba daga tiyo.

"Ba na so, Mama."

"To sa ta Lille a saman jerin."

"Paris fa? Kin gaya wa duk gari."

"Bakina ne ya faɗa. Yana nan, bai tafi ko'ina ba. Miƙo min burushin can."

Makarantar Lille ta ɗauke ta. Armelle ba ta jira a tambaye ta ba, ita ta riƙa faɗa wa masu saye, da muryar da ta saba. Wasu suka taya ta murna. Matar likita ta ce, "Ai ita ma ba laifi," tana kallon gefe. Armelle ta naɗe mata kifinta da kyau, ta ce a gaida gida.

Farkon Satumba ta rufe teburi ranar Asabar, abin da 'yan kasuwa ba su taɓa gani ba. Fañch ya ja motar, Gwenola a baya tsakanin katifa da tukwane. A ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai samari suka rugo za su ɗauki kaya. Armelle ta bar musu komai sai akwatin ƙanƙara cike da kifi, wanda ta hau bene da shi da kanta.

"Ku kira abokanku," ta ce musu. "Ni ce uwar Gwenola Kerbrat. Ina kicin ɗinku?"