Dattijon da Ke Sauraron Tanki

A bakin kanal, kan hanyar Bunkure, wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas ke tsaye shaƙe da kwandunan tumatir, rana tana ta dafa su. Sai ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, ta mutu. Karo na uku ke nan.

Ni dai hankalina yana kan wani dattijo da ya jingine kekensa ya matso. Siriri ne, gemu fari fat, amma baƙin mai ya zauna daram a faratansa. Ko kallon injin ba ya yi.

Ya tambayi direban, "Ɗana, tun yaushe take ajiye kafin ka fito da ita?"

"Tun farkon damina, Baba."

Sai dattijon ya zagaya wajen tankin mai, ya kara kunne, yana kwance murfin a hankali. Har ni na ji iska ta zuƙu ciki. Ya zaro tsinken sakace daga hularsa yana tsokalar 'yar ƙofar iskar murfin, jar ƙasa tana zubowa.

"Zanzaro ne ya yi gini a hancinta. Kai ma a toshe maka naka, mu ga ko za ka kai Kura."

Ina ya koyi wannan? Wataƙila ya shekara talatin yana jan tirela zuwa Ikko kafin ido ya gaza. Ban tambaye shi ba.

Mota ta tashi, wannan karon ba ta mutu ba. Direba na ta godiya, shi kuwa ya lumshe ido yana sauraron injin, ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa a hankali, kamar totur ne a ƙarƙashinta.