Inna Folole da Tabarmar Neman Gafara

Kafin zakara ya yi cara, Inna Folole ta gama share majami'a, ta kori aladun maƙwabta daga farfajiya, tana kiran kowanne da sunan mai shi. Haka muka tashi muka same ta a ƙauyenmu na tsibirin Savai'i. Lahadin nan za ta ajiye tsintsiya, gwiwa ta ƙi.

Amma ba don shara nake jinjina mata ba. Shekarar da Peni, direban bas na ƙauyen gaba, ya yi tatul da giya ya take ɗanta Tavita har lahira, danginsa suka zo da sassafe suka zauna a ƙofar gidanta, babbansu lulluɓe da tabarmar neman gafara. A al'adarmu, ba sa tashi sai an yaye ta. In ba a yaye ba kuwa jini zai zuba, don samarinmu na bayan gida da adduna.

Da rana ta take, yayanta, shugaban dangi, ya ce, "Folole, ɗanki ne. Ke za ki yaye."

Ta fito, ta dubi ƙafafun da suka leƙo daga tabarmar. "Wannan ai ƙafar tsoho ce. Ina Peni?"

"Baiwar Allah, ni kawunsa ne. Al'ada ta yarda in zauna a madadinsa."

"Kai ka tuƙa motar? Kun ɓoye shi a gonar gwaza, kun kawo mini tsoho ya sha rana. Ko Allah sai mutum ya faɗi laifinsa da bakinsa, ni ce za a yi wa wayo?"

Aka je aka zo da Peni. Ya shiga ƙarƙashin tabarmar, muka ji muryarsa: "Inna, giya na sha. Ni na kashe Tavita."

Ni kaina sai da na yi hawaye. Inna ta yaye tabarmar.

"Tashi, ɗana. Allah ya yi alkawarin yafe wa mai tuba, ba ya saɓawa. Ba kuma kau da kai ya yi ba, Ɗansa ne ya ɗauki hukuncin a kan gicciye."

Ta sa aka ba shi kifi da ayaba. Da ya ci, ta raka shi ofishin 'yan sanda da ƙafarta.

Ke ce, Inna, kika hana samarinmu zama masu kisan kai. Ke ce kika riƙa kai wa Peni dafaffen gwaza kurkuku har ya fito, alhali wasu danginsa sun daina zuwa. Mun gode, uwar tsayayyar magana.

Duk wanda ake jiran gafararsa, ya yi koyi da ita, kada ya jira sai ciwon ya warke. Na taɓa tambayarta ko nata ya warke, ta harare ni.

"Ina fa! Kullum na tashi da safe sai na sake yafe masa."