Gwaggo ta karɓi irin gyaɗarta

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na gefen Makoɗa, ni da gwaggona, a kan babur ɗin maƙwabci. Asibitin koyarwa na jami'a muka nufa, sashen masu ciwon daji, inda aka yi mata aikin mama bara. Ranar za a gaya mana ko ciwon ya tafi ko ya dawo.

Gwaggo kuwa ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Tun kafin tafiyar ta ɗauki irin gyaɗar da take ɓoyewa a tulu duk shekara ta ba matar maƙwabcin nan, wai mai jiran kabari ba ya shuka. Wannan ya fi komai tsorata ni.

A bakin titi muka shiga bas. Tsadar mai ta sa kuɗin mota ya haukace, kwandasta ya cusa mu kamar buhunan gero. Hagu da dama an share gonaki, jakuna na kai taki, kowa na jiran ruwan fari. Na saya mata ƙosai, wanda shi ma ya rame saboda tsada. Ta ƙi ci.

A asibitin mun tarar da mata daga garuruwa masu nisa, ana ta musayar labari da ruwan sha. Da layi ya zo kanmu, babbar likita ta shigo da ɗalibai a bayanta, ta nemi izinin Gwaggo su tsaya su koya. Ta duba ta, ta duba hoton da aka ɗauka.

"Inna, ba mu ga komai ba. Sai dai ki riƙa zuwa muna dubawa."

Ni na fashe da kuka, ba kunya. Gwaggo ta yi hamdala, ta juyo ta ce, "Ina ƙosan nan?"

A hanyar dawowa bakinta bai huta ba, har gonar wani ta kushe ta taga. Tafiyar ta koya mini cewa kada mutum ya riga likita yanke hukunci, balle ya riga Allah.

Mun iso da la'asar. Ko mayafi ba ta cire ba ta leƙa ta katanga.

"Maƙwabciya, a dawo mini da irina. Bana ma zan shuka."