Pil a Rana

Har gobe ba na son jin kukan na'ura idan ta ƙi tashi, ɗit-ɗit ɗin nan. Shi ya raba ni da yayana, ko da yake Inna ta hana ni faɗin haka, wai ƙaddara ce.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, bayan farin da ya share garkunan Damargu. Ni da Yaya muna aiki a biro, wato ofishin kiwo na Tanut. Ni ina buga takardu, shi yana kula da ordinata, wato kwamfutar da Turawan wani furoje na agaji suka kawo don lissafin allurar dabbobi. Da aikinsu ya ƙare suka tattara nasu ya nasu, har da tsarin da ke tuƙa na'urar, wai na kamfani ne, ba a barinsa. Sun ba mu raƙumi sun tafi da akala ke nan. Shef, shugaban ofishinmu, ya ce sufeto na nan tafe daga Damagaram. In ya tarar tana aiki, ita da mai kula da ita za su zauna, in kuwa ba ta yi, a ɗauke ta a rufe gurbin. Yaya kuma ya riga ya faɗa a gida, ranar da ya rasa aikin nan motar Libiya zai hau, don gonarmu ta Gangara ko hatsin kunu ta daina bayarwa.

Ana cikin haka wani ɗalibin jami'ar Yamai, ɗan maƙwabtanmu, ya zo hutu da faya-fayai a jakarsa. Ya ce wani tsari ne da masu shi suka bari a buɗe, kowa ya kwafa, kowa ya leƙa cikinsa ya gyara, kamar rijiyar bakin hanya. Yaya ya riƙe shi hannu bibbiyu.

Amma na'urar ta ce ba ta san zancen ba. A kunna ta, ta yi gurnani, ta yi ɗit-ɗit, ta rubuta wasu lambobi a allon, ta tsaya cik. Yaya da ɗalibin suka sake faifai. Suka share rairayin da ke bakinta da gashin zabo. Suka zargi injin wuta, har mai gadi ya sha faɗa a banza. Kwana da kwanaki suna abu ɗaya, Yaya ya rame, tuwo ma sai Inna ta tsare shi yake ci. Daga baya ɗalibin ya gano inda gizo ke saƙa. Ashe akwai wata ƴar ƙwaƙwalwa a cikin akwatin, ita ke fara farkawa ta gaya wa na'urar irin faifan da ke cikinta da inda za ta soma karatu, to ita ce ta manta komai. Ba a kuma koya mata sai da wani faifai na daban, wanda ya aro wurin malaminsa. Suka yi ta gwada lambobi har aka dace. Da rubutu ya gangaro a allon, Yaya ya yi kabbara, ya fita ya sayo mana kilishi.

Ɗalibin ya koma Yamai da faifan aro. Yana saɓa jaka ya ce, "Pil ɗinta ya yi sanyi, shi ya sa agogonta ke ja da baya. A nemi sabo." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Irin pil ɗin kuwa, wato ɗan batirin cikin na'urar, babu shi a kasuwar Tanut, an duba har Belbeji.

Mu a wurinmu ba a yar da pil. In na rediyo ya yi sanyi sai a shanya shi a kan katanga ya sha rana, ya ƙara kwana biyu. Ana gobe sufeto zai zo, na shigo biro da hantsi na ga akwatin a buɗe, pil ɗin a bakin taga.

Na ce, "Yaya, ita ma ta zama rediyon Inna?"

Ya ce, "Ke dai ki yi buge-bugenki. Ba na son gobe ta ba ni kunya gaban baƙo."

Muka yi dariya. Babu wanda ya san pil ɗin nan ne ke riƙe da abin da aka koya wa ƙwaƙwalwar, in an cire shi komai ya goge. Da la'asar ya mayar da shi, ya kunna. Ɗit-ɗit, da lambobin nan na da. Ya kashe ya sake kunnawa, ya kashe ya sake. Ya ruga gidan waya ya nemi ɗalibin a Yamai, aka ce layi ya katse.

Sufeton ba mugu ba ne. Ya sha shayi, ya jira har azahar, sannan ya sa hannu a takarda. Aka naɗe na'urar a tabarma aka ɗora ta bayan mota.

Yaya bai yi sati ba ya tafi. Ya durƙusa ya ce, "Inna, damina ɗaya ce kawai." Wani mai raƙuma ya ce ya gan shi a Agadas yana sayen salkar ruwa. Daga nan shiru.

Na ji haushin kowa. Na ji haushin Turawan, da ɗalibin da ya faɗi rabin magana ya bar rabi, da shi kansa Yaya da kulawarsa ta yi yawa. Inna kuwa rediyo ta rungume, ba ta barin sanarwar cigiya ta wuce ta. Wata rana na dawo daga aiki na ga pil ɗinta jere a kan katanga, raina ya ɓaci, na sa hannu na watsar da su. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sunkuya tana tsince su ɗaya-ɗaya daga cikin ƙasa, tana goge su da bakin zane.

Ta ce, "Bar su su sha rana, ƴar nan. In aka faɗi sunansa rediyon yana kashe fa?"

Na durƙusa na taya ta tsinta.