Mai Farin Tawul a Shagon Shayi

A wani shagon shayi na unguwar Al Muraqqabat a Dubai, Rabiou yana kallon wani saurayi dogo siriri, da ƙaramin farin tawul mai rubutun Japan rataye a wuyansa. Da hannu biyu yake karɓar kofin shayi, har da ɗan rusunawa, mai shagon yana ta murmushi. Takardar jirgi na maƙale a jikin akwatinsa. Rabiou ya ayyana a ransa cewa ɗalibi ne mai karatu a Japan, ya yada zango kafin jirgin Yamai.

Saurayin ya ajiye kofin ya ɗauki waya, Hausarsa ta Damagaram ce.

"Inna, ran Asabar muka hau dutse da 'yan ajinmu. Ruwan zafi ne ke ɓulɓulowa daga ƙasa, har ƙwai suke dafawa a ciki. Su tuɓewa suke su shiga. Ni kam kunya ta hana ni, ƙafa kaɗai na tsoma." Muryarsa ta yi ƙasa. "Wallahi ciwon gwiwarki na tuna."

Shayin Rabiou yana hucewa bai kula ba. Tafadek yake gani, arewa da Agadez, ranar da ya goyi mahaifinsa ya zaunar da shi cikin ruwan zafi, tsohon ya lumshe ido yana cewa a ƙara masa ɗan lokaci. Rabiou yana nan Dubai aka binne tsohon.

Saurayin ya ja akwati zai fita.

"Samari," in ji Rabiou, "akwai irin ruwan nan a Tafadek. Ka kai innarka tun tana iya tafiya."

Saurayin ya juyo da mamaki, ya ajiye akwatin.

"Baba, ta wace hanya ake bi?"