Layin Sukari da Tafiyar Gwashi

Shekarun baya, lokacin da azumi ya fara faɗowa cikin damina, wani Alhaji ya buɗe kanti a garinmu Bukkuyum, yana sayar da sukari da shinkafa da man gyaɗa a kan farashin sari. Sai dai taga ɗaya ce, mutum ɗaya ke awo, shi ne kuma ke karɓar kuɗi. Duk mai son arahar sai ya biya da ƙafafunsa.

A makon aka aiko wa mahaifiyata cewa yayarta da ke Gwashi tana kwance. Na yi mata alkawarin kai ta a babur ranar Talata. Da safiyar ranar abokina ya ce mini an sauke sabon kaya, kuma saura kwana uku a ɗauki azumi.

Na ce, "Inna, bari in kamo sukari in dawo. Awa guda ta isa."

Ta ce, "To, kak ka daɗe, ka ga hadari na haɗuwa. Ni na shirya."

Na tarar da layi ya zagaye kantin ya miƙe har bakin masallaci. Ni da nake ganin kaina mai wayo, sai na lissafa kawuna na ce kafin azahar na gama. Aka yi azahar ina tsakiya. Muka bar takalma da buhuna su riƙe mana wuri, muka yi salla muka dawo. Sau biyu na yi niyyar fita, sau biyu zuciyata ta ce, "Duk wannan tsayuwar ta tashi a banza?"

Wani dattijo da ke gabana ya ji ina ta tsaki, ya waiwayo ya ce, "Ɗana, mu da munka zo nan, lokaci kaɗai muke da shi da yawa. In kai naka na da mai shi, tafi abinka."

Na yi dariya, ban tafi ba.

Sai bayan la'asar na iso gida da kayana, ina jin kamar na ci gasa. Na samu Inna zaune a zaure, mayafi a jiki, takalmi a ƙafa, ƙullin furar da ta yi wa yayarta a kan cinya. Tun safe take a wurin.

Ta dubi sama ta ce, "Bari, gobe mu tai."

Da yammacin aka kece da ruwa. Gulbin da ke tsakaninmu da Gwashi ya kawo, ko masu jirgi sun ƙi ƙetarawa. Sai ranar Juma'a muka samu hanya. Mun isa an yi jana'iza tun jiya. Aka ce mana ranar Talata ta yini tana tambaya ko ƙanwarta ta iso.

Har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Da ta yi faɗa, wataƙila da na huta.

Na san zuwanmu ba zai ƙara wa marigayiya ko numfashi ɗaya ba. Ba na kuma raina masu bin layin araha, don har yau ina cikinsu, mai iyali bai da zaɓi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, yinin da na kashe a layin nan ba nawa ba ne. Na Inna ne, na ɗauka ban tambaye ta ba.