Sunan da Kulu Ba Ta Faɗa

A Bunguɗu, zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa daga Gusau, kafin a sami mulkin kai, an yi wata mata ana ce mata Kulu mai daddawa. Gajeruwa ce, amma murya kam Allah ya ba ta. Da damina in iyaye suka tafi gona, ita ake tara wa yaran unguwa. Sai ta ɗora kwandon kalwa a ka, ta kora su gaba zuwa gulbi, tana wankin kalwarta suna wanka.

Kai, zamani ya yi daɗi! Ƙananan takan ɗaura musu gora a baya da igiyar rama don kada su nutse. Manyan kuwa ta nuna musu wani dutse a cikin ruwa, wanda ya wuce shi zai sha ranƙwashi. Kulu ba ta juya wa ruwa baya, ko da mai gari ne ya gaishe ta. Jim kaɗan sai ka ji ta: "Garba!" Ya ce, "Na'am, Inna!" "Jummai mai kan kwakwa!" "Ga ni!" Wanda bai amsa ba, ranar ya gama wanka.

Yaro ɗaya ne ba ta kira: Umaru, ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari ta hana, kamar kowace uwa ta gari a lokacin. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita bakinta ba. "Kai wannan" take ce masa, ta saci kallonsa ta gefen ido, alhali duk duniya ba wanda take so kamarsa.

Wata rana da hantsi, rana tsaf a sama, Kulu ta ga ruwa ya soma ja, yana ɗauke da karare da kumfa. Ashe an kwana ana ruwa can wajen Gusau, gulbi na tafe. Ta watsar da kalwa, ta hau kira. Kowa ya ji sunansa ya fito da gudu, ta fizge ƙananan ta igiyar gorarsu.

Saura Umaru. Ja'irin ya wuce dutsen, yana kan wani tudun yashi yana bin ƙananan kifaye, ya ba ta baya.

"Kai wannan! Kai yaro!"

Ina! Ƙarar ruwa ta cika masa kunne, kuma yaran bakin gulbi suna da yawa. Ruwa ya soma cin yashin. Ga matan unguwa nan a gefe suna wanki, har da uwar mijinta. Kulu ta ji kunya ta kama ta, tsoro kuma ya fi kunyar.

"Umaru!"

Yaron ya waiwayo a firgice. Ya faɗa ruwa ya yi iyo, ta shiga har ƙirji ta cafko hannunsa. Ba su gama hawa gaɓa ba tudun yashin ya ɓace.

Mata suka yi ta tsokanarta har kaka. Ita kuwa ta ja masa kunne, ta koma "kai wannan" har Allah ya karɓi ranta.

Umaru ya tsufa, ya ga jikoki. In yara suka tambaye shi wace iri ce Inna Kulu, sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Sau ɗaya ta kira ni. Har yau ina jin ta."